AZURFA DA TASA: SHARHI A KAN MA'ANAR TSOFAFFIN KAYAN CIN ABINCI A BIRNIN KANO

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da mukan ji a bakin dillalan kayan tarihi da masu yi wa baƙi jagora a cikin birni, wadda a wasu lokuta har takan kutsa cikin kundayen ɗalibanmu. Maganar ita ce wai a zamanin da manyan gidajen Kano, na sarauta da na attajirai, a cikin kwanonin azurfa ake kai musu abinci, kuma wai rashin ganin waɗannan kwanoni a yau alama ce ta cewa an yi sakaci da su ko kuwa an kwashe su. Mai wannan magana yana nufin yabon Kano ne, amma ma'aunin da ya ɗauko ya yi yabon da shi na aro ne.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wannan ra'ayi da shaidu iri uku, watau tarihin kasuwanci, da hukuncin fiƙihu, da kuma harshen Hausa shi kansa. Matsayinmu shi ne, Kano ta san azurfa sarai, ta kuma darajanta ta, amma ba ta ɗora ta a kan tabarmar cin abinci ba. Nauyin da kwanon azurfa ya ɗauka a wasu ƙasashe, na nuna asali da wadata da gado, a nan akushi da tasa ne suka raba shi a tsakaninsu, kuma kaso mafi girma yana ɗakin mata.

2.0 Inda Ma'aunin Ya Fito

Kafin mu shiga birni, ya kyautu mu ga abin da kwanon azurfa yake nufi a inda al'adarsa ta yi ƙarfi, domin daga can aka aro ma'aunin. A Ingila tun shekarar 1300 aka yi dokar da ta tilasta a gwada kayan azurfa a buga musu hatimi kafin a sayar, kuma ma'aunin da aka tsayar shi ne kashi 925 na azurfa tsantsa a cikin kowane 1,000. Daga 1478 aka ƙara wani harafi mai nuna shekarar da aka gwada kayan. Saboda haka faranti ɗaya yana iya gaya wa mai dubawa garin da aka gwada shi, da shekarar, da maƙerin da ya yi shi. Sau da yawa kuma akan zana tambarin gidan da ya mallake shi, ya rinƙa bin zuriya daga uba zuwa ɗa.

Bugu da ƙari, waɗannan kaya baitulmali ne da ake ajiyewa a fili. A 1689 Sarkin Faransa Luwis na 14 ya sa aka narkar da kayan azurfar fadarsa ta Barsai aka buga kuɗi domin biyan bukatun yaƙi. Ke nan a can ma'anar kwanon tana cikin ƙarfen da aka yi shi da shi, da hatimin da ke jikinsa, da kuma idon baƙin da aka gayyata su gan shi a kan teburi. Abin tambaya shi ne, shin waɗannan sharuɗɗa sun taɓa haɗuwa a Kano?

3.0 Azurfa a Kasuwar Kano

Ba a rasa azurfa a Kano ba. Babbar hanyar da ta rinƙa shigowa a ƙarni na 19 ita ce ta liyari, watau kuɗin azurfar nan na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wanda ko yaushe aka buga shi shekarar 1780 ce a jikinsa. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sai sulallan azurfa suka biyo baya, har zuwa 1920 lokacin da aka fara maye gurbinsu da na gaurayen ƙarfe. Waɗannan kuɗaɗe su ne maƙeran fari suka rinƙa narkarwa suna yin aikinsu da su.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Tire mai nauyin kilo ɗaya zai ci liyari kusan 36, watau wuri 90,000 a farashin da Barth ya tarar, ko mu ce keso huɗu da rabi, tun da yake keso wuri 20,000 ne. Kuɗi ne masu kauri, amma ba su fi ƙarfin attajiran garin da ya fitar da Kundila a ƙarni na 19 da Alhaji Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 ba. Sa'an nan gwanintar ƙira ba ta yi ƙaranci ba. Kamar yadda binciken Philip Jaggar a kan maƙeran birnin Kano ya nuna, sana'ar ta kasu gida biyu, da maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da dangoginsu. Hannun da ya iya buga tasar tagulla ya yi mata zane, ba zai kasa buga ta azurfa ba. Ga kuɗi, ga ƙarfe, ga gwani, amma duk da haka abin da aka san maƙeran fari da shi a azurfa shi ne mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne da adon takobi. Lalle akwai dalili.

4.0 Hukuncin Fiƙihu

Dalili na farko yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan birni. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun hana ci da sha a cikin mazubin zinariya da azurfa. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda shi ne madogarar alƙalai da malaman Malikiyya a ƙasar nan, ya ƙara tsananta al'amarin, domin ya haramta har mallakar irin wannan mazubi a ajiye, ko da kuwa mai shi mace ce. Abubuwan da ya keɓe wa namiji kaɗan ne: adon Alƙur'ani, da adon takobi, da zoben azurfa, da gyaran hanci ko haƙori saboda lalura. Mace kuwa an yardar mata ta yi ado da zinariya da azurfa a jikinta da tufafinta.

In mun lura, wannan jeri na abin da aka halatta ya yi daidai da jerin abubuwan da maƙeran fari suka shahara da ƙerawa. Wannan dacewa ba ta banza ba ce; sana'ar ta bi hanyar da shari'a ta buɗe mata ne. Daɗin daɗawa, akwai maganar zakka. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba a fitar musu da zakka, alhali kuwa mazubin azurfa ana auna shi a lissafa shi cikin dukiya, kuma nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595. Saboda haka tiren nan mai kilo ɗaya da muka misalta, ban da haramcin ajiye shi, ya riga ya haye nisabi shi kaɗai.

Akwai kuma wata ma'ana da ta fi wannan zurfi. A Suratul Insan an siffanta 'yan Aljanna ana kewayawa a kansu da mazubai na azurfa. Yaron da ya yi karatun allo ya wanke wannan sura tun yana ƙarami. A tunanin mutumin da ya tashi a haka, kwanon azurfa abu ne da aka jinkirta zuwa Lahira, wanda ya yi gaggawar sa shi a gabansa a duniya kuwa ya ci rabonsa tun ba a je ba.

Mai ja da mu yana iya cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da mutane ke aikatawa daban. Wannan gaskiya ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamaninsa da ci da sha da sa tufafin da ransu ya so ba tare da kula da halal ko haram ba, kuma ba a yin wa'azi a kan abin da babu shi. Ba ma musun cewa an sami ɗaiɗaikun gidajen da suka ajiye irin waɗannan kaya. Amma abin da muke nazari a kai shi ne alama, ita kuwa alama sai an nuna ta a bainar jama'a sun yarda da ita take zama alama. Abin da mai shi zai sa a kawar in malami ya yi sallama ba ya iya zama tutar martabarsa. A garin da Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya zauna ya rubuta wa mutanensa Liya'ul Hukkami a farkon ƙarni na 19, yana yi musu bayanin yadda ake mulki bisa shari'a, ba a tsammanin basarake ya kafa girmansa a kan abin da ɗalibin fiƙihu ya san hukuncinsa.

Haka nan in muka duba kayan da Tarihin Kano ya jingina wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), za mu ga kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ga kuma Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ya gina. Alamomin sarautar Kano abubuwa ne da ake ji da kunne ko ake gani a jikin Sarki sa'ad da ya fito. Babu mazubin abinci a cikinsu, domin bisa al'ada babban basarake ba ya cin abinci a idon jama'a.

5.0 Shaidar Harshe

Harshe ma yana da abin cewa. Kalmar azurfa daga harsunan Barbar ta zo, dangin na Buzaye, abin da ke nuna hanyar Sahara da ƙarfen ya biyo. Tasa daga Larabci take. Kofi da tire da faranti kuwa daga Ingilishi suke, watau sababbin shiga ne. Ƙwarya da akushi da ludayi da faifai su ne suka daɗe a bakin Bahaushe, kuma su ne suka sami shiga cikin karin magana. Bahaushe yana cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, yana nufin kowa ya nemi daidai da shi, musamman a aure. Yana kuma cewa ƙwarya tagari tana ragaya, yana nufin mace ta kirki tana ɗakinta. Sa'ad da Bahaushe ya so yin magana a kan bambancin matsayi da mutunci ta hanyar mazubi, duma da itace ya ɗauko.

Sa'an nan ga kalmar silba. Asalinta sunan azurfa ne a Ingilishi, amma in uwargida ta ce a miƙo mata kwanon silba ko kofin silba, kowa ya san farin ƙarfe mai arha take nufi, na sanholo ko wanda ba ya tsatsa. Hausa ta ajiye azurfa ga munduwa da zobe, ta ba kwano silba. Muna ganin wani ɓangare na ruɗanin da muke sharhi a kansa daga nan ya taso: an ce wa baƙo silba, shi kuma ya rubuta azurfa.

6.0 Akushi a Zaure, Tasa a Ɗaka

To, in ba kwanon azurfa ba, mene ne ya ɗauki ma'anar? Amsar ta rabu biyu, kamar yadda gidan Bahaushe ya rabu.

A zaure, martabar maigida tana ga yawan akusan da ke fitowa daga cikin gida da almuru, da yawan hannuwan da ke shiga cikinsu. Baƙin akushi na itace ne, ba shi da tsada, amma in aka ga goma sun fito a jere, kowanne an rufe shi da faifai, wannan na baƙi, wannan na almajirai, wancan na maƙwabta, an san gidan da aka shigo. Abin da baki ya riƙe game da attajiran birni shi ne yawan mutanen da ke ci a ƙarƙashinsu. Shi kansa faifan da ake rufewa da shi yana da ma'ana, domin yana hana mai wucewa sanin ko miyar ta ji nama ko ba ta ji ba. Rufin abinci rufin asiri ne. Tiren azurfa an yi shi ne don a ga abin da ke kansa a kuma gan shi. Akushi da faifai kuwa suna ɓoye bambanci ne a tsakanin gidaje, su bar yawan ciyarwa kaɗai a fili.

A cikin gida kuwa, sai jere. Kafin a kai amarya, 'yan'uwanta mata sukan je su jera mata kayan ɗakin da iyayenta suka tara, sau da yawa tun tana ƙarama uwa take sayen su ɗaya bayan ɗaya da ribar sana'arta. A da ƙore ne ake ratayewa a ragaya, masu hali kuma su haɗa da tasoshin tagulla, wasu ƙirar Kano, wasu daga Bidda ta ƙasar Nufe, wadda ta yi suna a wannan aiki. Akasarin waɗannan tasoshi ba a cin abinci a cikinsu. Ana goge su ne, a kife su bisa juna daga babba zuwa ƙarama, su tsaya suna ƙyalli. A tsofaffin gidaje har akan manna tasa ko faranti a tsakiyar rufin soro, inda bakunan ginin suka haɗu.

A nan ne muke samun duk abubuwan nan uku da muka gani a Turai. Akwai nuni, sai dai masu kallon mata ne, 'yan ganin ɗaki da 'yan biki da 'yan suna, waɗanda daga kallo ɗaya suke gane ƙarfin dangin amarya da ƙoƙarin uwarta. Akwai ajiya, domin jere mallakar mace ne a shari'a. In bukata ta taso takan cire ɗaya ta sayar, in aure ya mutu kuma da kayanta take fita. Akwai gado, amma ta wajen uwa yake bi, daga ɗakinta zuwa ɗakin 'yarta ranar jere. Tasa ba ta da hatimi, hatiminta shi ne bakin mai ita, wadda za ta iya gaya maka wadda ta ba ta, da bikin da aka ba ta, da shekarar yunwa ko rashin lafiyar da ta sa aka sayar da 'yar'uwarta.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ma'anar ba a ƙarfen take ba ita ce yadda jere ya yi ta sauya kaya bai sauya aiki ba. Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, kwanonin fenti na ƙasashen waje suka yawaita, sa'an nan a shekarun 1960 'yan kasuwar Honkon suka kafa masana'antun yin su a Legas da Kano. Sai kwalla da langa da fanteka da kumbo suka ture tasa, daga baya samira ta zo, sai tangaran a cikin kabad mai gilashi, yau kuma ga kuloli. Da a ce darajar tana cikin ƙarfe, da kwanon fenti bai isa ya kori tagulla ba.

7.0 Kayan da Suka Shigo Daga Waje

Saura mu yi bayanin fararen butoci da tire-tiren da ake samu a wasu tsofaffin gidaje, waɗanda su ne masu wancan ra'ayi suke kafa hujja da su. Hanya ta farko ita ce ta Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa da kewayenta, da ta alhazai, waɗanda suka zo da kayan shan shayi. Ya kamata a tuna cewa tun 1840 kamfanin Elkington na Bamingam ya yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe azurfa ta hanyar lantarki, kuma masana'antun Ingila sun rinƙa ƙera butocin shayi irin waɗannan musamman don kasuwannin Arewacin Afirka. Da yawan abin da ido ke ɗauka azurfa shafe ne kawai a kan wani ƙarfe. Shi kuwa mazubin da aka shafa wa azurfa, Halil ya ambaci zance biyu a kansa, don haka mai shi yana da inda zai raɓa.

Hanya ta biyu ita ce ta Turawan mulki, waɗanda suka zo da tsarinsu na fifita ƙarfe a kan ƙarfe. Sandar girman da suka rinƙa bai wa sarakuna masu daraja ta ɗaya kanta na azurfa ne, ta masu daraja ta biyu kuwa na tagulla. Su ne kuma suka kawo al'adar ba da kofi a sukuwar dawaki da wasan folo da ƙwallo. Abin lura a nan shi ne, kofin da ya sami karɓuwa a ƙasar nan shi ne wanda ba a shan kome a cikinsa. Waɗannan kaya suna da tarihinsu, kuma ya cancanci a rubuta shi, amma tarihin cuɗanya da baƙi ne, a can ya kamata a ajiye su.

8.0 Kammalawa

Wani zai ce wannan duk jayayya ce a kan suna. Mu kuwa muna ganin akwai asara a cikinta. Muddin ƙarfe ne ma'auni, to, dillali zai ci gaba da ɗora tsohuwar tasa a kan sikeli ya saye ta da kilo a kai ta maƙera a narkar, magada kuma su sallama ba tare da sun ji ciwo ba, tun da an gaya musu ba azurfa ba ce. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta shigar da aikin hannun da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin abin da take karewa, amma doka ba ta shiga ɗakin tsohuwa ranar rabon gado. Kowace tasa da aka narkar, ta tafi da labarin matan da suka riƙe ta, su kuwa ba su da wani kundi sai ita.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, ɗaliban da muke turawa bincike su daina tambayar ko akwai azurfa a gidan. Su tambayi wa ya ba da kayan, a wane biki, hannu nawa suka bi, kuma a sa ɗalibai mata a gaba, domin su ne za su iya shiga har ƙuryar ɗaki. Na biyu, duk farin mazubin da za a rubuta a kundi a kai shi ga maƙerin fari ya gwada, a duba ko akwai hatimi a gindinsa, kafin a kira shi azurfa. Na uku, gidajen adana kayan tarihi, kamar Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, su ne wuraren da suka fi dacewa a tattara irin waɗannan bayanai, a rubuta su a gefen kowace tasa, domin mai ziyara ya san hannuwan da ta bi kafin ta iso gabansa.

Muna fata malamanmu da ke wannan zaure, musamman masana fiƙihu da tarihi, za su gyara mana inda hujjarmu ta yi rauni. Allah ya sa mu dace, amin.